Staj ɗin bincike a dogon hutu: ina ƙofar ɗalibin lisans mai son kimiyyar kayan lantarki?

Lawali:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina shekara ta biyu ta lisans a fannin fizik a nan Maraɗi, kuma tun da muka yi darasin semikondakta hankalina ya karkata ga kimiyyar kayan da ake ƙera na'urorin lantarki da su, wato silikon da danginsa, waɗanda daga gare su ake yin tiranzista da diyod da ƙwayoyin faifan sola. Na ga sanarwar wasu jami'o'in Amurka da ke ɗaukar ɗaliban digirin farko su yi kimanin makonni 10 a ɗakin bincike tsakanin Yuni da Agusta, a ba su masauki da kuɗin kashewa. Shin ɗalibi daga Nijar zai iya neman irin wannan? Idan ba zai iya ba, wace ƙofa ce a buɗe gare mu?

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam, Lawali. Mafi yawan sanarwar da ka gani na shirin da ake kira REU ne, wanda hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ke biyan kuɗinsa, kuma sharaɗinta a fili yake: wanda za a biya da kuɗin nan sai ya zama ɗan ƙasar ko mai takardar zaman dindindin a can. Saboda haka kada ka ɓata lokacinka da kuɗin intanet wajen cike takardunsu. Haka ma shirin RISE na hukumar DAAD ta Jamus, an keɓe shi ne ga ɗaliban da ke karatu a Amurka da Kanada da Birtaniya da Ireland.

Akwai dai waɗanda ba su rufe mana ƙofa ba. Cibiyar CERN da ke Janeba tana da shirin ɗalibai na dogon hutu wanda ke karɓar ƴan ƙasashen da ba mambobinta ba, ana rufe karɓar takardu wajen ƙarshen Janairu, sai dai tana son wanda ya cika shekaru 3 a jami'a, wato kai sai ka kai ƙarshen lisans. Ko da yake aikinsu na ƙwayoyin zarra ne, na'urorin da suke gano ƙwayoyin da su da silikon aka yi da yawansu, don haka mai son semikondakta yana da abin koyo a can. Jami'ar KAUST ta Saudiyya tana da shirin VSRP na watanni 3 zuwa 6, tana biyan tikiti da masauki da alawus na wata, kuma tana da ƙarfi sosai a binciken ƙwayoyin sola. Cibiyar OIST da ke Okinawa a Japan ita ma tana ɗaukar ƴan staj daga kowace ƙasa. Dukansu da Ingilishi ake aiki, dukansu kuma suna son takardar shaida daga malamin da ya san aikin ɗalibi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan na ƙarshe. Malamin da ke can yana karɓar dosiye daga ko'ina a duniya, kuma kusan kowa makinsa mai kyau ne. Abin da ke sa ya tsaya a kan takardar mutum shi ne ya ga ya taɓa auna wani abu da hannunsa, ya rubuta rahoto, ya san inda kuskuren awonsa yake. Shawarata ita ce ka yi hutun bana a nan gida kana wani ƙaramin bincike, sa'an nan ka nemi na waje a hutun baɗi da rahoton a hannunka.

Mamman Sani:
Malam, da girmamawa nake faɗin wannan, amma ina ganin shawarar tana kama da lallashi. Kimiyyar kayan lantarki ba fanni ba ne da ake yi da maltimita, ƙaramar na'urar nan ta auna lantarki da voltaji. Waɗanda suke yin ta da gaske suna da ɗakunan da ake tace iskarsu don kada ƙura ta sauka a kan faifan silikon, suna da madubin ilektaron da na'urar haskoki ta X da ke nuna yadda atom suka jeru a cikin kiristal. Mu da ba mu taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, wane bincike za mu yi da har malami a Saudiyya ko Japan zai dube shi? Ina shekara ta uku, kuma abin da nake gani shi ne wanda iyayensa ke da hali ya fita tun daga bakaloriya, sauranmu kuwa mu haddace lissafi mu ci jarrabawa.

Malam Isufu:
Mamman Sani, rabin maganarka gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba: ba za ku shuka kiristal ko ku ƙera tiranzista a Maraɗi ba. Amma ƙera abu wani aiki ne, auna halayensa wani aiki ne dabam, kuma ɗalibin da aka ɗauka staj a waje yawanci aikin awo ake fara ba shi. Bari in ba ka misali ɗaya da kuɗin kayansa bai kai na kati biyu na waya ba in an ɗebe maltimita. Ka sami diyod na silikon irin 1N4148 wanda masu gyaran rediyo da telebijin ke sayarwa, ka bi da ƙaramin lantarki mai tsayayyen ƙarfi ta cikinsa, ka rufe shi yadda ruwa ba zai taɓa wayoyinsa ba, ka tsoma shi a ruwan ƙanƙara, sa'an nan ka riƙa ɗumama ruwan a hankali har ya tafasa kana rubuta voltaji a kowane digiri 5. Za ka ga voltajin yana sauka da kimanin milivolt 2 a kowane digiri. Idan ka zana sakamakon a kan takarda ka miƙa layin baya har zuwa digiri 273 ƙasa da sifiri, zai kai ka kusa da volt 1.2, kuma wannan adadin ba wani abu ba ne illa tazarar makamashi ta silikon, wato gibin da ilektaron ke tsallakewa kafin ya iya ɗaukar lantarki. Littattafai suna ba da 1.12 a zafin ɗaki, da 1.17 a can kusa da cikakken sifiri. Ɗalibin da ya samo wannan da hannunsa, ya bayyana dalilin da ya sa nasa adadin ya ɗan bambanta da na littafi, ya fahimci semikondakta fiye da wanda ya haddace babi uku.

Injiniya Sule:
Ni ba malami ba ne, sana'ata haɗa sola ce a gidaje da rijiyoyin burtsatse tun daga Maraɗi har Gidan Rumji da Madarunfa, amma wannan magana ta taɓa ni. Ƙannena, akwai tambayoyin da muke fama da su kullum a wurin aiki waɗanda ku ne ya kamata ku amsa mana da awo. Adadin wat ɗin da aka rubuta a bayan faifan sola an auna shi ne a digiri 25, da hasken wat 1000 a kan kowace murabba'in mita. A nan kuwa, a watan Afirilu da Mayu iska kanta tana haura digiri 40, faifan da ke kan kwano kuma yana iya kaiwa 65. Silikon yana asarar kimanin kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane digiri da ya haura 25, ke nan a digiri 65 an yi asarar kusan kashi 16 tun ƙura ba ta sauka ba. Idan hunturu ya zo da ƙurarsa kuma wani lissafin ne. Mai gida yana tambayata ko sau nawa zai wanke faifansa a wata, ko ɗaga shi daga kwano da taƙi ɗaya yana da amfani, ko faifan da aka kawo na hannu daga Kano ya kai abin da aka rubuta a jikinsa, ni kuwa da ƙiyasi nake ba shi amsa. Duk ɗalibin da ya shirya, zan ara masa faifai biyu iri ɗaya na tsawon hutun, ɗaya a riƙa wanke shi, ɗaya a bar shi.

Hadiza:
Yaya Sule, wannan tayin ya fi abin da kake tsammani daraja. Da faifai biyu da maltimita biyu da rezistans mai juyawa ana iya zana layin lantarki da voltaji gaba ɗayansa, a fitar da lantarkin da faifan ke bayarwa idan an haɗe bakinsa, da voltajinsa idan an bar shi buɗe, da inda yake ba da ƙarfi mafi yawa. Ƙura tana rage lantarkin ne saboda ta tare haske, zafi kuwa voltajin yake ragewa, saboda haka awon zai raba maka illar kowanne. Abin lura ɗaya: hutun yana faɗowa ne a damina, lokacin da ruwan sama ke wanke faifan da kansa, don haka awon ƙura sai an ci gaba da shi har Disamba da Janairu kafin ya yi ma'ana.

Ina mastar a Yamai, kuma ina so in ƙara wata hanya ga waɗanda suka fi son kwamfuta. Akwai manhajar Quantum ESPRESSO, kyauta ce, da ita ake lissafa tsarin makamashin ilektaron a cikin kiristal daga dokokin kwantum kai tsaye. Silikon atom biyu kawai yake buƙata a lissafin, don haka kwamfutar tafi-da-gidanka tana gama shi cikin mintoci. Abin sha'awa shi ne lissafin da aka saba yi yana ba da tazarar da ba ta wuce kimanin 0.6 ba, wato kusan rabin ta gaskiya, kuma wannan sanannen rauni ne na hanyar. Idan ɗalibi ɗaya ya auna da diyod ɗin Malam, wani ya lissafa da kwamfuta, suka haɗa rahoto ɗaya suna kwatanta sakamakon, ina ganin wannan aiki ne da babu malamin da zai raina. Akwai kuma SCAPS ta Jami'ar Ghent a Beljiyam don kwaikwayon ƙwayar sola, da rumbun Materials Project da dandalin nanoHUB, duk ba a biyan ko dala.

Mamman Sani:
Yaya Hadiza, na ji daɗin bayanin, sai dai abin da nake tsoro ke nan. Na karanta maƙaloli da yawa daga jami'o'in yankinmu inda aka sa lambobi a SCAPS aka fito da ƙwayar sola mai ingancin da ba a taɓa ganin irinsa a ɗakin bincike ba, aka buga, aka wuce. Shin ba muna koya wa kanmu bincike na takarda ba ne, wanda ba ya taɓa ƙasa?

Dakta Haruna:
Mamman Sani ya taɓo wata cuta ta gaske, kuma ina so ƙannenmu su ji ta da kyau. Manhaja tana mayar maka da abin da ka zuba mata ne. Idan ka ce mata kayanka ba su da lahani ko ɗaya a cikin kiristal, za ta ba ka inganci mai ban mamaki, alhali lahanin nan shi ne ainihin abin da masu binciken kayan lantarki ke kokawa da shi dare da rana. Tun 1961 Shockley da Queisser suka nuna cewa ƙwayar sola mai mahaɗa ɗaya, irin ta faifan silikon da aka saba, tana da iyakar da ba ta wuce kimanin kashi ɗaya bisa uku na hasken da ya sauka a kanta ba, saboda haka duk wanda kwamfutarsa ta ba shi fiye da haka ya san akwai kuskure a wani wuri. Maganin shi ne ɗalibi ya fara da kwaikwayon ƙwayar da wasu suka riga suka ƙera suka auna, ya ga ko zai iya sake fito da layinsu, kafin ya canza ko lamba ɗaya.

Amma ban yarda cewa lissafin kwamfuta ƙaramin aiki ba ne. Tun 2010 ake gudanar da makarantar ASESMA a ƙasashen Afirka dabam-dabam don koyar da lissafa halayen kayan lantarki da kwamfuta, an yi ta a Afirka ta Kudu da Kenya da Ghana da Habasha da Ruwanda, da goyon bayan cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya wadda Abdus Salam ya kafa a 1964. An zaɓi fannin ne musamman saboda mutum zai iya yin aiki na ƙwarai a cikinsa ba tare da ɗakin bincike na biliyoyi ba. Ta fi dacewa da ƴan mastar da dokta, amma wanda ya fara taɓa Linux da Quantum ESPRESSO tun yana lisans shi ne zai fi amfana idan lokacinsa ya zo. Ita ma ICTP tana da difloma ta shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, akwai reshen kimiyyar daskararrun abubuwa a ciki.

Game da takardar nema, ni da nake aiki a ɗakin bincike a Turai ina ganin irin wasiƙun da ke zuwa. Mafi yawansu suna farawa da yabon jami'ar da bayanin yadda mai nema ke son kimiyya tun yana yaro, kuma ba a kai ƙarshensu. Wadda ake karantawa ita ce mai cewa: na auna faifan sola na silikon a garin da zafinsa ya haura digiri 40, ga abin da na samu, na karanta maƙalarka kan lalacewar ferobskait a cikin zafi da laima, ina so in koyi yadda kuke auna ta. Ferobskait, wani sabon nau'in kiristal da ake yin ƙwayoyin sola da shi, ya tashi daga ingancin kashi 3.8 a 2009 zuwa fiye da 25 a yau, amma babbar matsalarsa ita ce rashin jure zafi da laima, don haka ɗalibin da ya fito daga Sahel da bayanan awo na gaske yana da abin da zai ajiye a kan tebur.

Nafisa:
Malamaina, ina shekara ta biyu a fannin shimi. Duk misalan da aka kawo na ƴan fizik ne, shin mu muna da wuri a wannan fanni? Sa'an nan akwai abin da ba a ambata ba: ko an ɗauke ni, ban ga yadda mahaifina zai bar ni in tafi wata ƙasa watanni uku ni kaɗai ba.

Malama Rakiya:
Ɗiyata Nafisa, wurinku babba ne, domin shirya siraran shimfiɗu na oksid irin na zink da na titaniyom daga ruwan magani aikin ƴan shimi ne. Akwai ƙwayar sola mai aiki da rini wadda O'Regan da Grätzel suka bayyana a 1991, inda ake shafa oksid na titaniyom a kan gilashi mai ɗaukar lantarki, a jiƙa shi da rini, rinin ya kama haske ya miƙa ilektaron. An gwada ta da rinin furen yakuwa wanda muke yin zoɓo da shi, saboda sinadarin antosiyanin da ke cikinsa. Ingancinta da rinin tsirrai yawanci bai kai kashi 1 ba, kada kowa ya ruɗe ki da cewa za ta haska gida, amma wajen koyon yadda haske ke zama lantarki tana da kyau ƙwarai. Gilashin ne sai an yi odarsa daga waje. Kafin ya iso za ki iya fara da rinin kansa, ki auna irin hasken da yake sha da yadda launinsa ke canzawa da tsami da zafi da kwana a rana.

Maganar mahaifinki kuwa ba ta wasa ba ce, kuma ba na son a amsa miki ita da cewa zamani ya canza. Abin da na gani yana aiki shi ne a tafi mataki-mataki. Ki yi na farko a nan gida inda yake ganinki kullum, ki nuna masa rahoton, malaminki ya je ya gaishe shi ya yi masa bayani da bakinsa. Na biyu ki nema a Yamai inda za ki sauka wurin dangi. Idan maganar waje ta taso, iyaye da yawa hankalinsu ya fi kwanciya da Saudiyya, kuma KAUST tana garin Thuwal ne a arewacin Jidda, ɗalibai suna zaune a cikin harabarta. Idan lokacin ya yi ki sanar da ni, ni da kaina zan je wurin mahaifiyarki.

Lawali:
Na gode ƙwarai. Akwai wata damuwa da na san ba ni kaɗai ba ce. Hutun yana faɗowa daidai lokacin noma, kuma ni ne babba a gidanmu, ba zan iya barin tsoho da noman gero shi kaɗai ba. Wani lokaci kuma jarrabawa tana shiga har cikin Yuli. Yaya mutum zai haɗa waɗannan da staj?

Malam Isufu:
Na gida ba ya buƙatar ka bar gona, Lawali. Awon diyod aikin kwanaki kaɗan ne, rubutun rahoton ne zai ɗauki lokaci, shi kuwa da dare ake yinsa. Awon faifan Injiniya yana son mutum ya kasance kusa da shi da tsakar rana, don haka ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba kwanakin, mazauna gari su riƙe lokacin noman fari da maimai. Na waje kuwa, KAUST da OIST ba su ɗaure ka da Yuni zuwa Agusta ba, ana daidaita lokacin da malamin da ya karɓe ka, sai dai dole ka nemi izinin sashenka a rubuce don kada ka rasa semesta. Abubuwa biyu ne ba sa jira: fasfo da Ingilishi. Fasfo a fara nemansa tun kafin a tura dosiye, takardun maki kuma a fassara su wurin mai fassara da hukuma ta amince da shi. Ingilishin ku fara da karanta maƙala ɗaya a mako kuna taƙaita ta a shafi ɗaya, zan riƙa dubawa.

Kada kuma ku manta da maƙwabta. Akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, akwai jami'ar AUST a Abuja da ke da sashen kimiyyar kayan ƙira, ga Kano da Zariya, dukansu da mota ake zuwa, kuma ko Ingilishinka bai nuna ba za ka sami mai yi maka bayani da Hausa. Sai malami ya rubuta wa malami, ba a jira sanarwa. A ƙasarmu ma wannan aiki ba baƙo ba ne: marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorantar ofishin ONERSOL yana bincike kan makamashin rana. Yau ga tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da ta Gorou Banda mai megawat 30, kuma ana buƙatar waɗanda za su san yadda faifan nan ke tsufa a ƙarƙashin ranarmu.

Mamman Sani:
Malam, har yanzu ina kan ra'ayina cewa muddin babu na'urorin awo na gaske a jami'o'inmu, za mu ci gaba da shirya ɗalibai ne don wasu ƙasashe su amfana da su, kuma wannan magana ce da ya kamata shugabanni su ji. Amma awon faifan ya ja hankalina, domin ko babu staj na waje sakamakonsa zai yi wa masu haɗa sola amfani. Injiniya, faifan nawa ne wat ɗinsu? Ina tambaya ne saboda rezistans ɗin da zai ɗauki lantarkinsu ba tare da ya ƙone ba.

Injiniya Sule:
Masu wat 50 zan ba ku, ƙanena, lantarkinsu yana kusa da ampa 3, saboda haka ƙaramin rezistans na rediyo ba zai ɗauka ba. Ina da wayar rishon lantarki da za mu yanka ta tsawo dabam-dabam mu yi amfani da ita a madadinsa. Abin da ba ni da shi shi ne na'urar auna ƙarfin hasken rana.

Hadiza:
Idan ba a samu aronta ba, ku ware ƙaramin faifai na uku ku riƙa goge shi kafin kowane awo, ku ɗauki lantarkinsa idan an haɗe bakinsa a matsayin ma'aunin haske, tun da yana tafiya daidai da yawan hasken da ya sauka. Ku manna ma'aunin zafi a bayan kowane faifai, ku rubuta sa'a da yanayin sama a kowane layi na littafin awo. Lawali da Nafisa, ku turo mini lambobinku ta saƙo na keɓe, zan aiko muku da tsarin teburin da matakan saka Quantum ESPRESSO kafin Asabar.